Kunnen Tumakin Penrallt

Olwen Penrallt ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ko ƙwai ka ba ta kyauta, sai ta ɗaga shi a hasken taga ta jujjuya kafin ta ce ta gode. In mai wa'azi ya yabi burodinta bayan sujada a coci, za ta dawo gida tana tambayar kanta, "To, shi kuma me yake nema?" Duk ƙauyukan nan namu uku, Aberwen da Llanfeilo da Porthcadno, mun san ta da halin, mun kuma daɗe da daina jin haushi. Sai dai a ce, "Ai Olwen ce," kowa ya kama gabansa.

Ni dai ban cika ganin laifinta ba. A Porthcadno aka haife ta, can ƙasa a bakin ruwa, 'yar masunci, ta girma cikin gyaran koma da tallan ƙaguwa. Tana da shekara ashirin da biyu Emrys na gonar Penrallt ya aure ta, ya hau da ita tudu. Mutanen tudu kuwa, Allah ya shirye su, ba su ɗauki mutanen bakin ruwa a bakin komai ba. Surukarta takan tarbe ta da murmushi har kunne, ta ce, "Shigo, 'yata," sannan ta juya ta buɗe taga, wai ɗakin ya yi zafi, alhali ana tsakiyar sanyi. Shekara guda cur Olwen ta yi kafin ta gane ƙarnin kifi ake nufi. Tun daga ranar ta daina sauraron abin da baki ya faɗa, ta koma kallon abin da hannu yake yi.

Sai ta ci ɗamara ta koyi tumaki, don dai ta ba su kunya. Ta kuwa koya. Kafin surukar ta bar duniya, 'yar masuncin nan ta san kowace tunkiya ta Penrallt da fuska, ta san uwarta da kakarta, ta san wadda ke ƙin ɗanta da wadda ke satar na wata. Emrys kansa in ya rikice ita yake tambaya.

Tumakin suna kiwo a kan Tudu, doguwar ƙasar nan da ta miƙe cikin teku, inda gonaki biyar suke sakin garkensu babu shinge ko ɗaya. Ba a bukatar shinge, don kowane garke ya san iyakarsa. Uwa ce take nuna wa 'yarta inda za ta tsaya, ita ma ta nuna wa tata, haka tun kakannin kakanni. Irin wannan garke ba a sayo shi a kasuwa. In ka kawo baƙuwar tunkiya ka saka a Tudu, ko dai ta faɗa daga gaɓa ko ka tsince ta a Aberwen tana cin furannin maƙabarta. Garken da ya ƙare ya ƙare ke nan, sunan gonar ya sauka daga Tudu. Wannan shi ne abin da Olwen ta fi tsoro a duniya, fiye da mutuwarta.

Da Emrys ya rasu, ya bar tumaki ɗari biyu da arba'in. Takardar lauya ta ce gida da gona na Olwen ne har ƙarshen ranta, garke kuma na ɗansu Tegid. Olwen ta karanta sau ɗaya, ta ninke ta jefa cikin gwangwanin biskit. Ina ruwan takarda da tumaki? Tegid ɗin nan, shekararsa arba'in da uku, ƙato ne, bai yi aure ba, ba ya magana sai ta kama. Uwarsa tana sonsa kamar ranta, amma ta daɗe da yanke hukunci cewa yaron nata farar zuciya ta yi masa yawa, ko ɗan akuya zai iya yi masa wayo. Ita kuma gwiwa ta hana ta hawa Tudu. Sai dai ta zauna a tagar bene da madubin hangen nesan Emrys, tana bin garken da ido.

Shekarar farko bayan rasuwar, da aka tattaro tumaki kafin sanyi, arba'in babu. Ta biyu ma haka. Ta uku, ɗari da ashirin ne suka sauko.

"Ina sauran?" in ji ta. Tegid yana karyawa, ta tsaya a kansa da butar shayi a hannu.

"Na gaya miki, Mama. Sanyin bara ya yi tsanani. Ga yanyawa. Ga karnukan masu zuwa hutu."

"Yanyawa ce ta ci tunkiya arba'in har da ƙashi? Ina gawa? Ko gashi ɗaya ka kawo mini na gani?"

"Wasu ta gaɓa suka faɗa. Teku ya tafi da su."

"Tekun nan na bana da wayo yake. Tumakin Penrallt kaɗai ya sani."

Tegid ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shafa man shanu a burodi, ya shafa har inda ya riga ya shafa.

Da fari baƙi ta zarga. Duk lokacin zafi sai mutanen Ingila su cika mana hanya da motoci, su bar ƙofar gona a buɗe, su saki karnuka, su tsaya suna ɗaukar hoton katangar dutse kamar ba su taɓa ganin dutse ba. Ta rubuta lambar motoci goma sha ɗaya a bayan kalanda. Daga nan ta koma kan wata babbar mota mai ɗaukar dabbobi da ta ga ta wuce Llanfeilo da sassafe, ta sa ɗan sandan yanki ya yi ta bin sawu kwana uku, ashe kujerun coci aka kai gyara. Ɗan sandan ya roƙe ta don girman Allah ta bar shi ya huta.

Nesta mai kanti ce ta kunna mata wutar, ba tare da ta nufa ba. Kantin Nesta shi ne gidan wayarmu, shi ne kuma inda labari yake kwana kafin ya bazu. Olwen ta je sayen sukari da busasshen inabi, Nesta tana aunawa tana surutu.

"Ke kuwa kin ga garken Elfed na gonar Hendre bana? Tubarkalla! Mai sayen gashin tumaki ya ce buhunan Hendre sun kusa ninka na da. Wasu dai hannunsu da albarka."

"Ninka na da?" in ji Olwen a hankali.

"Haka ya ce. Ke dai, 'yar uwa, kin san Elfed da ƙwazo."

"Shi sanyin bara bai bi ta wajensa ba ke nan?"

"Oho. Sanyi ai ba ni na aiko shi ba. In ƙara miki shayi?"

Olwen ta ce a miƙo mata littafin kunne. Wannan tsohon littafi ne da yake ajiye a ƙarƙashin teburin Nesta, kowane shafi an zana kunnen tunkiya biyu da alamar gonar da ta mallake shi, don in an tsinci ɓatacciya a san inda za a mai da ta. Olwen ta san abin da ke ciki tun kafin ta buɗe, amma ta so ta gani da idonta. Alamar Penrallt tsaga ɗaya ce a ƙasan kunnen hagu. Alamar Hendre ita ma tsagar nan ce a ƙasan kunnen hagu, sai ƙarin an datse kan kunnen dama. Tun zamanin da gonakin biyu suke hannun wa da ƙane aka yi haka, ƙanen ya ƙara yanka ɗaya don a bambanta. Shekara arba'in da takwas tana ganin shafukan nan, sai yau ta lura da abin da yake a fili. Duk mai wuƙa zai iya mai da tunkiyar Penrallt ta zama ta Hendre cikin ƙiftawar ido, amma ta Hendre ba ta taɓa zama ta Penrallt. Ga shi kuma iyakar garken biyu a haɗe take a kan Tudu, ko ɗauke tunkiyar ba sai an yi ba.

"Lafiya, Olwen? Kin yi fari fat."

"Lafiya lau. Ki cire inabin nan biyu na sama, sun ruɓe."

Daga ranar nan komai ya zauna mata daidai. Ta tuna Elfed, mutumin da a da sai a yi wata bai taka Penrallt ba, yanzu ya mai da gidan hanyar wucewa. Yau buhun dankali, gobe itacen hura wuta. Wata safiya ta leƙa ta gan shi durƙushe yana gyara mata ƙofar gona da ta yi shekara biyu tana jan ƙasa. Ta ɗauki sandarta ta fita.

"Sannu da aiki, Elfed. Wa ya aike ka?"

"Haba, Olwen, sai an aike ni? Wucewa nake na ga tana neman faɗuwa."

"Shekara biyu tana neman faɗuwa, kana wucewa."

Ya yi 'yar dariya, bai ɗago ba. Elfed gajere ne mai jan fuska, dattijon coci, shekararsa sittin da 'yan kai, kuma in yana jin kunya kunnuwansa ne suke fara nunawa. Olwen ta ga sun yi jajir.

"An ce garkenka ya yi kyau bana," in ji ta.

"To, mun gode Allah."

"Mu namu teku ke kwashewa."

Gudumar ta kuɓuce ta sami yatsansa. Ya tsotsa, ya ce yana da sauri, ya tattara kayansa ya tafi, ko shayi bai tsaya sha ba. Mutumin da bai taɓa ƙin shayi ba ko a gidan makoki! Olwen ta tsaya ta bi bayansa da kallo, zuciyarta tana tafasa.

Sai kuma maganar jirgi. Akwai wani tsohon jirgin kamun kifi a tashar jiragen ruwa ta Porthcadno, na ƙanin matar Elfed da ya rasu, an ɗora shi kan itace ya yi shekaru yana shan ruwan sama. Kowace Asabar sai Tegid ya wanke hannu ya ce zai je ya taya Elfed kankare shi da fenti. Rannan Olwen ta shiga bas ɗin ƙarfe goma ba ta gaya wa kowa ba, ta sauka a tashar. Ta hango su su biyu a gindin jirgin, kai da kai, Elfed yana magana yana nuna Tegid da yatsa. Suna ganinta suka yi tsit, kowa ya kama burushi. Wato abin har ya kai haka! Ya kwashe tumakin yaro, ya sa shi aikin banza, ya kuma janye shi daga Tudu ranar Asabar don a sami damar yin ɓarna. Tausayin ɗanta ya kama ta har ta ji ƙwalla.

A hanyar komawa ta ce masa, "Ka yi hankali da mutumin nan."

"Mama, Elfed mutumin kirki ne."

"Kai ai kowa mutumin kirki ne a wurinka. Shi ya sa Allah ya bar ni da rai."

Abin da ta rasa shi ne shaida. Madubin Emrys ba ya nuna kunne daga wannan nisa, jan fentin da Penrallt ke shafa wa tumakinta a kafaɗa kuwa yana tafiya da gashi ranar aski. Nan ta tsaya cak. Ranar aski! Ranar da tumaki suke tsirara babu fenti, maza ashirin suna kai da kawo a garke, ita kuma tana ina? Tana kicin, kamar kowace matar gona tun da aka kafa ƙauyukan nan, tana dafa romon rago da dankali. Shekara arba'in da takwas ba ta taɓa ganin askin tumakinta ba, sai dai ta ji kukansu ta taga.

Akwai kuma Siani. Wata tunkiya ce da uwarta ta mutu a haihuwa, Olwen ta raine ta a cikin kwali gefen murhu, tana ba ta madara da kwalba. Waya mai ƙaya ta taɓa tsaga mata leɓe, ya warke a karkace, kullum kamar tana yi wa mutum gwalo. Ko bayan ta girma ta hau Tudu, in aka sauko da garke ta ji muryar Olwen sai ta ratso da gudu. Tun askin bara ba a sake ganinta ba. Tegid ya ce wataƙila tana cikin waɗanda suka faɗa gaɓa. Siani da ta haihu sau huɗu a kan Tudun nan, ita ce za ta manta inda gaɓa take?

Kowace gona da ranar askinta, ba a canzawa, kuma kowa yana zuwa na kowa. Ranar Hendre Talata ce ta farkon Yuli, ta Penrallt Alhamis mai bi mata. Talatar nan gari ya waye garau, teku kwance. Olwen ta sa rigarta ta zuwa coci, ta naɗe burodi mai inabi guda biyu a tawul, Tegid ya kai ta a mota. Glenys matar Elfed ta tarbe ta, ta ba ta kujera da kwanon dankali ta fere, saboda gwiwa. Mata bakwai ne a kicin, ana ta hira, wa ya sayar da gidansa ga mutanen Ingila, wace yarinya ce aka gani a bayan babur a Aberwen. Olwen ta fere dankali biyar, ta ajiye wuƙa, ta ɗauki sanda.

"Bayi yana ta nan, Olwen," in ji Glenys.

"Na san inda yake."

Ta fita ta ƙofar baya ta miƙe garke. Matan suka taru a taga, bakinsu a sake.

Injin aski yana ta ƙara, maza sun sunkuya kowa da tunkiya tsakanin ƙafafu, gumi yana zuba. Wani tsoho daga Llanfeilo ya hango ta ya ɗaga murya.

"A'a! Olwen Penrallt, romon ne ya ƙone, ko miji kika zo zaɓa?"

Aka kwashe da dariya. Ba ta ko kalle shi ba. Ta wuce har bakin shingen da aka tara tumakin da ba a aske ba tukuna, sun fi ɗari uku, duk da shuɗin fentin Hendre a gindi. Ta dafa katako, ta ja numfashi, ta yi kiran da takan yi a bakin ƙofar kicin ɗinta.

"Siani! Siani, zo nan, 'yar banza!"

Can tsakiya wata ta ɗaga kai ta amsa. Sai ga ta tana ture 'yan uwanta, tana ratsowa, har ta iso ta ɗora ƙafafun gaba kan katako tana cusa baki a aljihun Olwen. Leɓen nan a karkace. Olwen ta kama kunnen dama ta ɗaga. An datse kansa, ya warke sumul.

Wani ya kashe injin. Ba ka jin komai sai kukan tumaki da na tsuntsayen teku.

"Elfed Hendre," in ji ta, "zo ka gaya wa mutanen nan tunkiyar wace ce wannan."

Elfed ya saki wadda ke hannunsa rabi a aske, ya matso yana goge hannu a wando. "Olwen, don Allah mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan za a yi ta! A gefen murhuna na raini wannan. Shekara uku kana yanke kunnen tumakina, kana kawo mini dankali don ka rufe mini baki. Ran Lahadi ka tsaya gaban coci kana ba da waƙa! Emrys ya ɗauke ka ɗan uwa, kai ka ɗauki gawarsa a kafaɗa, ashe jira kake a rufe shi. Ɓarawo! Na faɗa, kowa ya ji. Ɓarawo!"

A wajenmu ba a kiran mutum ɓarawon tumaki a wasa. Akwai iyalin da aka faɗa wa kakansu haka a Llanfeilo, har yau ba a ba su riƙon farantin karɓar baiko a coci. Maza suka sunkuyar da kai. Glenys ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Elfed ya yi jajir har wuya. Ba Olwen yake kallo ba. Bayanta yake kallo, inda Tegid yake tsaye rungume da gashin da aka aske.

"Faɗa mata, ɗana," in ji Elfed a hankali. "Na riƙe maka iyakar iyawata."

Tegid ya ajiye gashin a ƙasa.

"Ni na yanke, Mama."

Ta juyo. "Rufe mini baki. Kada ka ɗaukar wa wani laifinsa."

"Ni na yanke, da hannuna. Arba'in kowace shekara, ranar askinmu, kina kicin. Musaya muka yi. Na ba shi tumaki, ya ba ni jirgin. Tumakina ne, Baba ya bar mini. Elfed bai ɗauki ko gashi ɗaya da ba nasa ba. Kullum sai ya ce in gaya miki, ni ne na kasa."

Olwen ta dube shi, ta dubi Elfed, ta dubi mazan nan ashirin. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne babu wanda ya yi mamaki. Wato duk sun sani, ko sun zata. Ita da take ganin abin da ke bayan kowace katanga a ƙauyuka uku, ita kaɗai ce ba ta sani ba.

"Har da Siani?" Abin da ya iya fitowa daga bakinta ke nan.

"Ban san ita ce ba. Ni duk fuskarsu ɗaya ce, Mama. Ban taɓa iya bambanta su ba."

Tegid ya kai ta gida. Da suka shiga kicin ta zauna da rigar cocin a jikinta, ba ta ko cire takalmi ba. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya miki sau uku."

"Ƙarya kake."

"Ina shekara sha bakwai na ce ina son bin jirgin Kawu, kika ce Kawu ne ya hure mini kunne don ya sami bawa, kika yi shekara biyu ba kya gaishe shi. Ina da talatin na sake faɗa, kika ce wata ce a Porthcadno take juya ni. Mako biyu bayan jana'izar Baba, a kan teburin nan, na ce Mama ni ba na son Tudu, kika tambaye ni wa ya aiko ni. Duk abin da na faɗa sai kin nemo wanda ya sa ni. Ba ki taɓa yarda ni ne nake magana ba."

Ta so ta musa, amma ta tuna ranakun nan uku sarai, har abin da ke kan wuta a kowace rana.

"Sauran ɗari da ashirin fa?"

"Jirgin zai shiga ruwa a watan Satumba. Ba mai hawa Tudu bayan nan. Elfed ya ce zai karɓe su in kin yarda, su zauna inda suka saba. In ba haka ba sai kasuwa, mahauta su saya."

Ta yi kuka ranar, kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko a jana'izar Emrys. Tegid ya dafa mata shayi, ya yi ƙarfi da yawa, ta shanye duk da haka.

Washegari Laraba ta ƙi mota. Ta ɗauki sanda ta bi hanyar katanga zuwa Hendre, tafiyar da ba ta fi minti goma ba ta cinye mata kusan awa. Ta tarar da Elfed a bakin ƙofar gona yana shafa wa tumakin da aka aske shuɗi. Ya gan ta, ya ajiye gwangwani, ya cire hula.

"Olwen."

"Elfed."

Ta zo da magana a bakinta tun daga gida, ta yi ta maimaita ta a hanya, amma da ta tsaya gabansa sai ta maƙale.

"Ran Lahadi zan tashi a coci," in ji ta daga ƙarshe. "A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye."

"Ba sai kin yi haka ba."

"Ban tambaye ka ba."

Ya gyaɗa kai. Ya waiwaya cikin garke. "Ga Siani can. Ki tafi da abarki, Olwen. Na rantse ban san taki ce ta hannu ba."

"In tafi da ita da wane kunnen? An riga an yanke." Ta gyara riƙon sanda. "Tagwaye take haifa, kuma na biyun yakan zo ta baya. Ka sa mata ido a watan Maris. Ba ta son kare ya matso kusa da ita, in ka matsa mata sai ta ƙi ɗan."

"Zan kula."

"Gobe ranarmu ce. Mutane za su zo kuwa, bayan abin da na yi?"

"Ƙarfe bakwai za ki gan mu, kamar kullum."

"To, ka zo da wuƙarka, mai kaifi. Na ga yankan Tegid, ba shi da hannu, ya wahalar da su. Glenys ta riƙe mini kicin. Sauran ɗari da ashirin ɗin nan ba za a yanke su ina fere dankali ba. Ni zan riƙe kan kowace ɗaya."

Elfed ya so ya ce wani abu, ta ɗaga masa hannu. Ta juya ta kama hanyar Penrallt a hankali, tana dogara sanda. Siani ta ji muryarta tun ɗazu, ta biyo ta ta cikin shinge tana kuka har inda katanga ta tare ta. Olwen ba ta waiwaya ba.